Daga Bern zuwa Jeneba: kotun da ta shekara da shekaru ba alƙali

Watanni uku muka yi a aji muna haddar sassan GATT, yarjejeniyar kuɗin fito da cinikayya tsakanin ƙasashe, kafin Farfesa ta ce lokaci ya yi da za mu je mu ga gidan da ake aiki da su, hedikwatar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya. Mu goma sha ɗaya ne masu digiri na biyu a dokar cinikayya tsakanin ƙasashe, kusan kowa da ƙasarsa. Da sanyin safiyar wata Talata muka hau jirgin ƙasa daga Bern, babban birnin Suwizalan, muka nufi Jeneba.

Tafiyar ba ta cika awa biyu ba. Muna wuce Fribourg sanarwar cikin jirgi ta koma Faransanci a gaba, Jamusanci a baya. Na buɗe jakata da niyyar sake duba sashe na 20 na GATT, wanda ya bai wa ƙasa damar hana shigo da kaya don kare lafiyar mutane da dabbobi da tsirrai, amma ban yi nisa ba. Kafin Lozan jirgin ya shiga wani rami cikin dutse, yana fitowa sai ga tafkin Jeneba shimfiɗe a ƙasanmu, gonakin inabi hawa-hawa suna gangarawa har bakin ruwa, duwatsun Faransa a tsallake da ƙanƙara a kansu. Na rufe takarda. Duk taragon ya yi tsit.

Daga tashar Cornavin ta Jeneba muka taka da ƙafa ta bakin tafki, ruwan nan da ake harbawa sama har mita 140 yana bayanmu. A ƙofar hedikwatar Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, wato WTO, aka karɓi fasfo ɗinmu aka ba mu katin baƙi. Na zaci zan ga dogon bene na gilashi. Abin da na tarar tsohon gini ne mai launin toka a cikin lambu, da mutum-mutumi biyu a bakin ƙofa, ɗaya Zaman Lafiya ɗaya Adalci. An buɗe shi a 1926 domin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, sai a 1977 ma'aikatan GATT suka tare a ciki. Shi ya sa har yau zanen da ke jikin bangonsa na leburori ne da manoma da masunta. Na daɗe a gaban ɗaya daga cikinsu, domin a darussanmu da wuya ka ji an ambaci wanda ya yi kayan da hannunsa. Magana kullum a kan kuɗin fito take da kaso cikin ɗari.

Tarihin mun riga mun san shi: ƙasashe 23 suka sa hannu a GATT a 1947, aka ƙulla yarjejeniyar Marrakesh da ta kafa WTO a 1994, ƙungiyar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1995, yanzu mambobinta 166, kuma Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabantarta tun Maris ɗin 2021. An zagaya da mu babban zauren taro, kowace kujera da allon sunan ƙasa a gabanta. Ni dai hankalina yana wani wuri.

Abin da ya ja ni zuwa wannan fanni tun farko shi ne tsarin shari'ar ƙungiyar. A dokar ƙasa da ƙasa abu ne mawuyaci ka ja wata ƙasa zuwa kotu ba da yardarta ba. A nan kuwa an juya lamarin. Idan ƙasa ta kai ƙara, aka yi kwana 60 ana tattaunawa ba a daidaita ba, za a kafa kwamitin mutum uku ya saurari shari'ar, kuma hukuncinsa zai tabbata sai dai idan dukkan mambobi, har da wadda ta yi nasara, sun haɗu sun ce a'a. Wanda bai gamsu ba yana da kotun ɗaukaka ƙara mai alƙalai bakwai, uku ke zama a kan kowace shari'a. Na karanta hukuncinta na 1998 a kan hana shigo da jatan lande da Amurka ta yi don kare kunkurun teku ya fi sau biyar, don yadda ta nuna cewa Amurka na da ikon kare kunkuru amma ba ta da ikon nuna bambanci tsakanin ƙasashe wajen yin hakan.

Wata lauya da ta yi shekaru a wannan aiki ce ta zauna da mu bayan azahar. Ta maimaita abin da muka sani a takarda, amma jin sa a cikin ginin daban ne. Tun Disambar 2019 kotun ba ta da alƙalai ukun da za su iya zama, domin Amurka ta ƙi amincewa a naɗa sababbi, kuma naɗi sai da yardar kowa. Wa'adin alƙaliya ta ƙarshe ya ƙare a Nuwambar 2020. Ba ta rage wa Amurka hujjarta ba: kotun takan wuce kwana 90 da doka ta ɗiba mata, alƙalai kan ci gaba da shari'a bayan wa'adinsu ya cika, kuma ana zarginta da ƙirƙirar dokar da ba a rubuta ba. Wasu daga cikin ƙorafin nan ni ma na ga suna da tushe. Sai dai sakamakon shi ne, duk ƙasar da aka kayar a yau za ta iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da babu kowa, shari'ar ta tsaya cak. Tarayyar Turai da Sin da Brazil da wasu sun kafa tsarin sasanci na wucin gadi a 2020, amma wanda ya shiga kaɗai ya ɗaure.

Na ɗaga hannu na ce, "Ranki ya daɗe, ko a lokacin da kotun ke aiki, ƙaramar ƙasa idan ta yi nasara me take samu a hannu?"

Ta ce in ɗora shari'u biyu gefe da gefe. Brazil ta kai Amurka ƙara a 2002 kan tallafin da take bai wa manoman auduga, ta yi nasara, aka ba ta izinin ramuwa. Da yake Brazil kasuwa ce babba, barazanar ta yi aiki: daga 2010 Amurka ta riƙa biyan dala miliyan 147.3 a shekara, a 2014 aka rufe maganar da dala miliyan 300. Benin da Chadi sun shiga shari'ar a matsayin masu ruwa da tsaki, su da Mali da Burkina Faso suka kai kukan audugarsu taron WTO na birnin Cancun a 2003, amma kuɗin nan Brazil ya tafi. Ita kuwa Antigua da Barbuda, mai mutane kusan dubu ɗari, ta kayar da Amurka a shari'ar caca ta intanet, a 2007 aka yanke mata ramuwar dala miliyan 21 a shekara. Shekaru suka shuɗe ba ta yi amfani da izinin ba. Ramuwa a wannan tsari ita ce ka toshe wa abokin shari'arka kasuwarka, to wanda kasuwarsa ba ta kai a ji zafin rashinta ba fa?

Wannan magana ta zauna mini a rai. Ban fita daga ginin ina ganin karatuna ya zama banza ba, ko kusa. Akwai cibiya a Jeneba tun 2001 da ke bai wa ƙasashe masu tasowa shawarar lauyoyi a kan waɗannan shari'u, kuma kasancewarta ma shaida ce cewa ƙarancin masana na daga cikin abin da ke hana ƙasashe da yawa kusantar kotun. Amma na gane na shafe watanni ina koyon yadda ake cin shari'a, ban taɓa tsayawa a kan abin da ke biyo bayan hukunci ba.

Da magariba muka kama hanyar komawa. Tafkin ya ɓace a duhu, sai fitilun garuruwan tsallake. Na tashi daga kujerata na je inda Farfesa take.

"Farfesa, ina neman izini in canza batun kundina."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Daga sashe na 20 zuwa ina?"

Na ce zuwa sashe na 22 na dokar warware rikici ta WTO, na diyya da ramuwa, in bi diddigin abin da ƙananan ƙasashe suka karɓa bayan sun yi nasara. Ta ce in kawo mata shafi biyu ranar Litinin, kuma in fara da hukuncin Antigua. Kafin mu isa Fribourg na cika rabin shafin farko.