Na ƙona PS2 ɗin Yaya da hannuna saboda ban duba bayanta ba

Kwana uku na yi ina aiki a kan PS2 ɗin nan, na'urar gem ta PlayStation 2, a cikin sakan ɗaya kuma na kashe ta da hannuna. Har yanzu abin yana ci min rai wallahi.

Ta Yaya ce, babbar nan mai kauri, mai lamba SCPH-39001, a gwanjo ya saye ta a kasuwar Sabon Gari tun ina firamare. Da ya yi aure ya tashi sai aka bar ta a ƙarƙashin gado, ta fi shekara goma ba wanda ya taɓa ta. Na kira shi na ce Yaya zan ɗauka in gyara, ya ce ɗauki mana, ai dama ta daina karanta faifai ne shi ya sa na watsar da ita. Iyakar abin da ya faɗa min kenan, ni ma ban ƙara tambayar komai ba.

Abin da ya kai ni gare ta kuwa gajiya ce da laftof ɗina. Ka kunna don ka ɗan buga ƙwallo minti ashirin kafin a ɗauke wuta, sai ta ce sai ta yi ofdet tukuna, datar da ka saya ta sati ta tafi a dare ɗaya, gem ɗin da ka biya kuɗinsa ma ba zai buɗe ba sai da intanet da fasuwod. Na buɗe ƙasanta zan ƙara ram na tarar an like shi da dalma a jikin fanel, ba a cirewa ba a ƙarawa. PS2 kuwa sukundireba ɗaya ya ishe ka ka warware ta gaba ɗaya, ka ga komai da idonka.

Aikin ya tafi lafiya lau. Na kakkaɓe ƙura, na wanke fanka, na canza batirin agogo CR2032, na sa sabon idon karanta faifai KHS-400C, har ɗigon dalmar nan da sabon ido yake zuwa da shi na tuna na cire, siririyar wayar maɓallin kunnawa da mutane suke tsinkawa wajen ɗaga murfi ma na lallaɓa ta ban tsinka ba. Duk waɗannan ƙananan abubuwan na kiyaye su. Abin da aka rubuta ɓaro-ɓaro a bayanta, AC 120V 60Hz, shi ne ban kalla ba ko sau ɗaya, kuma kwana uku tana hannuna ina juya ta.

Na ɗauko wayar rediyo, ta shiga daidai, na jona a soket na danna makunnin baya. Fas! Sai hayaƙi da wani wari mai ɗaci. Na fizge wayar na zauna a ƙasa, a lokacin ne na tuna wani baƙin akwatin ƙarfe mai nauyi da yake zama gefen talabijin ɗin Yaya, yana ɗan gunji yana ɗumi. Ni tun ina yaro na ɗauka sitabilaiza ce. Ashe sitef-dawun ne, shi yake rage wutar mu ta 230 ya mayar da ita 110, kuma tuni Umma ta ba 'yan gwangwan shi. Da na kira Yaya ya yi shiru, can ya ce "Ba ka haɗa da akwatin nan ba?" Bai yi faɗa ba, kuma shirun ya fi min ciwo.

Washegari na kai ta wajen wani dattijo mai gyara a Sabon Gari. Bai ma buɗe ba, juya ta kawai ya yi ya nuna min lambar ƙarshe ta SCPH-39001 ɗin ya ce "Ɗana, nan ake fara dubawa." In ta ƙare da 1 ta Amurka ce, 0 ta Japan mai cin 100, 3 ta Ingila, 4 ta Turai, waɗannan biyun na ƙarshe su ne suke shan wutar mu kai tsaye. Da ya buɗe, fiyus ya tafi, babban kafasita ya kumbura ya tsage, 200V aka rubuta a jikinsa, ita kuwa wutar 230 in ta shiga ciki aka daidaita ta tana haura 300. Na ce Baba babban fanel ɗin fa? Ya ce sai mun gwada, shi 12V kawai yake karɓa daga ɓangaren wuta, in Allah ya sa barnar ta tsaya a nan to ka tsira.

Sati biyu na yi ina jiran ya samo ɓangaren wutar wata matacciyar 39004, kuma kuɗinsa ya fi na ido da batiri a haɗe, kuɗin da da na karanta layi ɗaya da yana aljihuna. Ranar da jar fitilar nan ta kama ta koma kore na yi hamdala ta fi a ƙirga. Hoton ya fito baƙi da fari, gabana ya sake faɗuwa, ashe tsohuwar talabijin ɗin shagon ce ba ta ɗaukar NTSC, tsarin hoton Amurka, a ta gida da kala ya fito.

Don Allah duk wanda ya tono tsohuwar gem, Sega ce ko Nintendo ko me, ya juya ta ya karanta kafin ya nemi waya, adaftarta ma a karanta. Siririyar PS2 mai adafta a waje yawanci 100 zuwa 240 take ɗauka, amma ni yanzu ko ita sai na gani da idona. In kuma ta riga ta faru, kar ka canza fiyus kawai ka sake jonawa, kar kuma ka sa yatsa kan kafasitan, yana riƙe wuta ko an zare.

Ran Juma'a Yaya ya zo da tsohon memorinsa, ƙungiyar da ya haɗa a PES 6 tana nan yadda ya bar ta, muka buga har aka kira magariba. Na manna salatif a kan rubutun 120V ɗin na rubuta 230 da maka. Ƙonannen ɓangaren wutar yana cikin durowata, na kasa yar da shi.