Kujerar gaba a motar Kudus

Ranar da muka shiga bas a birnin Kudus, na yi zamana a kujerar gaba saboda gajiya. Wata tsohuwa ta shigo da sanda. Kafin in motsa, wani saurayi mai 'yar hula a tsakar ka ya riga ni miƙewa. Kunya ta kama ni.

Jagoranmu ya nuna min rubutun Ibraniyanci da ke manne a saman kujerar: aya ce daga Attaura, Littafin Firistoci 19:32, mai cewa a tashi tsaye a gaban mai furfura. A shari'ar Yahudawa mai shekara 70 ake nufi, kuma da zarar ya matso kamu 4 kusa da kai, tashi ya wajaba. Malami kuwa, ko bai fara gemu ba, tashi ake yi masa.

Wurin karatun Attaura a majami'arsu, Kohen, wato firist daga zuriyar Annabi Haruna, shi ake fara kira, sannan Balawi, wato ɗan kabilar Lawi. Amma wanda ya fi tsaya min a rai: littafinsu na Mishna ya ce shege mai ilimi ya fi babban firist jahili matsayi. Har muka sauka ina ta juya maganar nan.