Ganyen da ya ɗan yi tsatsa

Kafin in je karatun noma a kudancin Rasha, na ɗauka alkamar hunturu ita ce irin wadda ake shukawa a Kadawa idan sanyi ya shigo. Ashe ba haka ba ne. Tasu ana shuka ta da kaka, ta kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara, kuma ba ta fitar da zangarniya sai ta sha makonni cikin sanyi mai kusan daskarar da ruwa. Ka kawo ta Kano, ganye kawai za ta yi maka kamar ciyawa.

Aikina na farko a gonar gwaji shi ne auna tsatsar ganye, wato cutar da ke sa wa ganyen alkama ɗigo-ɗigo kamar tsatsa. Duk layin da na tarar fes, ba ko ɗigo, sai in ba shi maki mafi girma. Na zo kan wani irin alkamar hunturu mai suna Bezostaya 1, na ga ɗigo-ɗigo ruwan goro a ganyenta, na rubuta cewa ba ta da juriya. Malamina, dattijo marar yawan magana, ya duba takardar, ya tambaye ni ko na san shekarunta. Masanin iri Pavel Lukyanenko ne ya samar da ita a Krasnodar da ke kudancin Rasha, aka sake ta ga manoma a 1959. Karanta ba ya tsayi sosai, saboda haka ba ta saurin kwanciya idan ta sha taki, garinta kuma yana burodi mai kyau.

Sai ya ba ni labarin ɗiyarta, Kavkaz. An saka mata wani yanki na gadon hatsin da Rashawa ke yin baƙin burodi da shi, yankin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado masu kare alkama daga tsatsa: Lr26, Yr9 da Sr31. Ganyenta tas. Ba a jima da yaɗa ta a farkon shekarun 1970 ba tsatsar ganye ta sauya kama ta karya juriyarta. Duk da haka jininta ya shiga irin alkama mai suna Veery na CIMMYT, cibiyar binciken alkama da masara da ke Meziko, ya bazu a duniya, har aka wayi gari a 1998 wata tsatsar kara ta ɓulla a Yuganda ta karya Sr31. Ita ce ake kira Ug99.

Bezostaya kuwa tana da wani gadon juriya daban mai suna Lr34. Wannan ba ya hana cuta shiga, rage mata gudu yake yi, har alkama ta cika ido kafin tsatsa ta ci ƙarfinta. Da yake bai toshe wa cutar hanya gaba ɗaya ba, ba ta samu dalilin sauya kama ba. Ni a ganina masu sayar da iri ba sa son irin wannan juriyar, don ba ta burge mai kallo ranar baje koli.

Washegari malam ya mayar da ni layukan, ya ce in riƙa zuwa duk bayan kwana bakwai ina rubuta yadda ɗigon ke ƙaruwa. Ganyen tutar Bezostaya, wato ganyenta na can sama, yana kore har hatsi ya yi tauri.