Wasan da muka rubuta don mu rama

Ni dai ba son wasan kwaikwayo ne ya kai ni ƙungiyar dirama ta makarantarmu ba, gudun langalanga ne. Makarantar kwana ce ta maza a jihar Kano, kuma duk Asabar da safe akan yanka wa kowane aji filin ciyawa. 'Yan dirama da 'yan muhawara ne kawai ake ɗaga wa ƙafa idan bikin raba kyaututtuka ya matso. Da na shiga sai na tarar an sauya mai kula da ƙungiyar, an damƙa ta ga mutumin da na fi jin haushi a duk makarantar, wato malaminmu na Hausa, wanda kuma shi ne mai ladabtarwa. An gudu ba a tsira ba.

Dogon mutum ne siriri, kullum cikin farin yadi, hularsa a ture gaba kamar za ta faɗo. Ba ya ɗaga murya. Gyaran murya ɗaya yake yi daga bakin ƙofa, aji ya yi tsit. A bayan idonsa muna kiransa Ba-Sabo, domin ko ɗan shugaban makaranta ne ya faɗa hannunsa, ba sani ba sabo. Abin da ya haɗa ni da shi kuwa, na taɓa dawowa daga hutu a makare saboda mahaifiyata tana kwance a asibiti, ya sa aka miƙe ni a filin asambuli ya zuba mini dorina a gaban kowa, bai tambaye ni dalili ba. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ce, "Kai, doka ba ta da kunne." Wannan magana ta fi dorinar zama a raina.

Sai dai kuma shi wannan mutumin ne kaɗai a cikin malamanmu yake karanta insha'inmu tun daga farko har ƙarshe. Wasu su ja layi su ba da maki su wuce. Shi kuwa littafinka zai dawo jajir da jan biro: nan ka raba "yana" inda ya kamata a haɗe, can ka haɗe inda ya kamata a raba, ka bar ƙugiyar ƙ da ɗ, ka yi karin magana inda ba ta da gurbi. Wata rana a ƙasan shafina ya rubuta, "Kana da kunne. Ka rage surutu." Na yi ta juya wannan shafi a ɗakin kwana, ina jin daɗi, ina kuma jin haushin kaina da nake jin daɗin yabon mutumin da ya tozarta ni.

Lokacin muna aji biyar ne, a zamanin da finafinan Hausa na kaset suka cika gari. Kowane yaro yana kwaikwayon Rabilu Musa Ibro, kowa yana ganin wasan kwaikwayo ba komai ba ne illa ka saka kaya masu ban dariya ka yi ta sakin baki. A ɗaya gefen kuma ana ta ce-ce-ku-ce a kan harkar fim, har gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, saboda haka akwai iyayen da ba sa so a ce ɗansu ɗan dirama ne. Wanda zai ɗaura zane ya fito a mace kuwa, sai an yi ta lallashi, domin sunan da za a laƙaba masa zai bi shi har ya gama makaranta.

Mu huɗu muka haɗa kai muka rubuta wasa a kan wani mugun malami da ɗalibinsa. Ba mu ɓoye komai ba: hular a ture, gyaran muryar, har da "doka ba ta da kunne." Abokina da zai fito a malamin gwani ne, duk azumi shi ne mai gemun auduga a tashen "Ka yi rawa" na unguwarsu, kuma ya iya tafiyar Malam har ta fi ta Malam. Ni ne ɗalibin. A ƙarshen wasan malamin ya zame ya faɗa kwata, ɗalibai suna tafi. Mun miƙa takardun muna jiran ɗayan biyu: ko a yaga, ko a zane mu.

Bai yaga ba. Ya tara mu a ƙarƙashin darbejiyar bayan ofis, ya ce Malam Aminu Kano ma malamin makaranta ne, ya koyar a Bauchi da Maru, kuma tun yana saurayi yake rubuta wasanni yana caccakar masu mulki. Ya ce idan aka yi wa sarakuna da Turawa, shi wane ne da za a ce ba za a yi masa ba. "Amma wannan naku ba wasa ba ne, zagi ne da aka raba wa mutane huɗu." Ya buɗe shafukan, ga jan biro ko'ina. Bai taɓa ko ɗaya daga wuraren da muka yi masa ba'a ba, har ma ya ƙara mana wani: ya ce mun manta yadda yake duba agogo kafin ya yi duka. Inda ya tsaya shi ne kan yaron. Ya ce yaron da muka rubuta tun daga fitowa ta farko har ta ƙarshe abu ɗaya yake ji, kuma mai kallo ba zai zauna sa'a guda yana kallon abu ɗaya ba.

Wani malamin da ke zaune a gefe ya kawo tasa shawarar, wadda ita ce kowa ya sani: a nuna yaron ya girma ya zama likita, ya dawo ya durƙusa ya ce bulalar Malam ce ta kai shi. Na ɗauka Malam zai yi caraf ya karɓa, tunda wanke shi za ta yi. Ya girgiza kai. Ya ce wannan ma ƙarya ce irin ta farko, an dai juya mata riga ne. Har yau ban gama gane ko gaskiyar fasaha ce ta sa ya ƙi ba, ko girman kai ne na mutumin da ba ya son a gode masa a bainar jama'a.

Abin da muka tsaya a kai shi ne fitowa ɗaya a tsakiyar wasan. Malamin ya kwanta rashin lafiya, an aiki yaron ya kai masa littattafan aji gida. Ya shiga ya tarar da shi a kan tabarma, ba hula, ga littafin yaron a buɗe a gefensa yana cikin gyarawa. Abin da yaron zai faɗa bai wuce "Sannu Malam, ya jiki?" ba. A kan wannan gaisuwa muka fi shan wuya.

Na fara yi da ɗaurarren fuska da murya mai kaushi. Malam ya ce, "Sake. Wa ya taɓa gaida malaminsa haka ya kwana lafiya?" Na yi da taushi, kai a sunkuye. Ya ce, "Sake. Wannan ɗan gidan ne, ba wanda aka daka ba." Muka yi ta yi har sauran suka gaji suka zauna a kan tebura. Can ya taso ya tsaya dab da ni, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Yaron nan yana jin haushin malamin?"

Na ce, "E, Malam."

"Yana so ya mutu?"

"A'a, Malam."

"To ka faɗa da duka biyun."

Bai kalli takarda ba lokacin da yake tambayar, ni yake kallo. A nan na san ya tuna da filin asambuli, kuma ya san wane ne ya rubuta "doka ba ta da kunne" a bakin ɗan wasan. Bai ba ni haƙuri ba, a ranar ko bayanta.

Yadda aka yi na samo ta, jiki ne ya taimake ni, ba murya ba. Bahaushe ya riga ya tanadi gaisuwa yadda ba sai zuciya ta yarda ba: ka cire takalmi, ka durƙusa, ka kawar da ido, kalmomin su fito da kansu. Sai na bar baki da gwiwa suka yi ladabinsu cikakke, na bar haushin a hannu. Na riƙe littattafan gam a ƙirji, ban ajiye ba har sai da malamin ya miƙo hannu, kuma da na ajiye, na ajiye su ɗan nesa yadda sai ya yunƙura. Sannan idona ya faɗa kan littafina da ke buɗe, na ɗan tsaya, na matsar masa da kofin ruwa kusa. Malam ya ce, "Haka. Kar ka ƙara komai." Tun daga nan na gane cewa idan ɗan wasa yana ɗauke da abu biyu masu karo da juna, ba a fuska ake cakuɗa su ba, raba musu wuri ake yi, wannan ya zauna a harshe, wancan a hannu ko a tafiya.

Sauran abin da ya koya mana na aikin dandamali ne, kuma da wahala ya koyar. Ba mu da makirfo, sai ya riƙa tsayar da mu a wannan ragar ƙwallo shi yana waccan, ka yi magana ba tare da ihu ba har ya ji ƙarshen kowace kalma. Ba a juya wa 'yan kallo baya. Idan aka fashe da dariya, ka dakata ta lafa kafin ka ci gaba, in ba haka ba maganar da ka fi ji da ita ta bi iska. Wanda ya makara zuwa gwaji, tsallen kwaɗo. Wanda ya ƙara wata barkwanci ta Ibro da ba ta cikin takarda, a cire shi a saka wani. Furfura da alli muka yi ta, gemu da auduga da ƙaro, labule kuwa barguna ne aka harhaɗa da allura.

Ranar biki aka jera teburan ɗakin cin abinci suka zama dandamali. Da abokina ya fito da hula a ture ya yi gyaran murya, ɗakin ya kece. Ɗalibai suna buga benci, ƙananan malamai suna rufe baki da hannun riga. Malam yana layin gaba kusa da shugaban makaranta, ya harɗe hannu, ko gezau. Da aka zo fitowar tabarma sai hayaniya ta kwanta. Ina matsar da kofin nan, wani daga can baya cikin 'yan aji shida ya ɗaga murya, "Kar ka yafe!" Aka yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Wasan ya ƙare da yaron ya koma aji, malamin ya warke ya dawo da dorinarsa, ba wanda ya faɗa kwata, ba wanda ya zama likita.

Wani dattijo cikin iyaye ya tare ni a waje ya ce, "Ɗana, wasanku ya yi kyau, amma bai ƙare ba. Ina inda yaron ya nemi gafara?" Ya kawo mini maganar da duk muka tashi muna ji, cewa inda bulalar malam ta taɓa wuta ba za ta ci ba. Na ce, "Haka ne, Baba." Malam kuwa abin da ya ce mini kawai shi ne na haɗiye ƙarshen magana a fitowa ta biyu. Ranar Litinin ya sa abokina kamun kunne saboda rigarsa ba maɓalli.

Yanzu idan tsofaffin ɗalibai muka haɗu, akwai masu cewa ba don dorinar Ba-Sabo ba da ba su zama mutane ba. Ni ban yarda da wannan lissafin ba. Duk abin da na ɗauka daga wurinsa, na rubutu ne ko na tsayuwa gaban jama'a, daga jan biro ya zo da kuma "sake, sake" ɗin nan da ba ya gajiya da faɗa. Dorinar ba ta ƙara mini ko wasali ɗaya ba. Kuma masu yabon nata su ne waɗanda suka kai ƙarshe. Akwai yaran da suka tsallake katanga a aji biyu ba su dawo ba, su ba a jin ta bakinsu a taro. Amma idan wani ya ce mugu ne kawai, nan ma sai in ji ina kare shi, domin mugu ba ya raba dare yana gyara wa yaro ƙugiyar ɗ, kuma ba ya zama a layin gaba ɗaruruwan yara suna yi masa dariya da izininsa.

Kwanakin baya aka sanar a zaurenmu na WhatsApp cewa yana kwance, ana tara masa gudummawa. Na ba da abin da ya sawwaƙa. Aka ce kowa ya rubuta 'yan kalmomi a kai masa, na rubuta a kan insha'i da ragar ƙwallo, na duba ƙugiyoyina da kyau kafin in tura, ban ambaci asambuli ba. Abokina da ya fito a malamin ya ce shi Allah Ya ba Malam lafiya, amma ko sisi ba zai bayar ba. Mutane suka yi masa caa, wasu har da jawo hadisi. Ni ban sa baki ba.