Abin da Baba ya faɗa min bayan sujada

Ranar Lahadi ni na yi karatun nassi, takarda sai rawa take a hannuna. Da aka tashi sujada, wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, kada ka bari." Har yau zuciyata fari ƙal. Mu fa mun fi iya tsinto kuskure, yabo ne ke mana nauyin baki.

Sai Barnaba, abokin wa'azin Manzo Bulus mai ƙarfafa zuciyar mutane, ya faɗo min a rai. Da Bulus ya ƙi tafiya da Markus don ya taɓa barinsu a Bamfiliya, Barnaba ya ɗauke shi suka nufi Kubrus. Daga baya, a 2 Timoti 4:11, Bulus da kansa yake cewa a zo masa da Markus, yana da amfani a hidima.