Waƙoƙin da gidajen rediyo suka tsallake

In aka ambaci reggae a majalisarmu, Bob Marley kowa zai kira, sai wani ya ƙara da Lucky Dube. In aka ce funk, James Brown. Ba ni da ja a kan ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a zamanin da suke tashe akwai waɗanda aikinsu bai gaza ba ko kaɗan, amma fayafayansu suka kwanta a kanti suna shan ƙura. Su nake so ku nema.

Ku fara da "Dove" ta Cymande, 'yan asalin yankin Karibiyan mazauna Landan, daga faifansu na farko na 1972. Ingila ta yi ko oho da su, a Amurka ne suka ɗan samu karɓuwa har suka yi rangadi tare da Al Green. Kiɗan ya kai kusan minti 11, kuma ba ya gaggawa. Jitar bas ta kama layi ɗaya tana ta nanatawa, ganguna na bin ta a hankali, ɗaya jitar tana yawo a sama. Don Allah kada ku ji shi ta lasifikar waya, bas ɗin ba zai fito ba, kuma shi ne ƙashin bayan abin. Wanda ya san faifan ƙungiyar hip-hop ta Fugees na 1996, The Score, zai ji kamar ya taɓa haɗuwa da wannan sauti. Daga nan suka ɗebo shi.

A reggae kuwa, "Fisherman" ta The Congos, 1977. Lee Perry ne ya naɗe ta a Black Ark, ɗan ɗakin da ya gina a bayan gidansa a Kingston. Masunci ake ba ƙarfin gwiwa ya ci gaba da tuƙa kwalekwale, don yara na bakin gaɓa da yunwa. Siririyar muryar Cedric Myton kaɗai ta isa dalili.

Masu son rock, ku ji "Khala My Friend" ta Amanaz daga Zambiya, 1975, sannan faifan Try and Love na Ofege, wanda ɗaliban sakandare suka yi a Legas a 1973. A soul, "Dancing Girl" ta Terry Callier, mutumin Chicago, 1972. Daga baya ya ajiye jita ya koma aikin kwamfuta a jami'ar garin don ya riƙe 'yarsa, har sai da matasan Ingila suka tono fayafayansa.

Amma wanda ya fi zauna mini a rai Yusef Lateef ne. Mabushi ne, Musulmi baƙar fatar Amurka da ya tashi a Detroit. A faifansa Eastern Sounds na 1961 akwai "The Plum Blossom", inda ya busa wata 'yar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin mai 'yan muryoyi ƙalilan. Da su ya yi komai. Kana jin numfashinsa yana shiga yana fita, fiyano na ba shi amsa ƙasa-ƙasa. Nakan sa shi bayan isha'i in an ɗauke wuta, a ɗan tsakanin nan kafin janaretocin maƙwabta su tashi.

Abin da ke ba ni mamaki, wannan bawan Allah ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a cibiyar nazarin al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma sarewar Fulani na cikin abin da ya duƙufa a kai. Mutumin da ya yi kiɗa da manyan makaɗan jazz irin su Dizzy Gillespie da Cannonball Adderley, ya zo ya zauna yana sauraron abin da mu muke wucewa ta gefensa a hanyar ruga ko waiwaye ba ma yi! Duk wanda na ba wa labarin nan a Samaru sai ya riƙe baki.

A lokacin zamansa nan ne ya naɗi faifan In Nigeria a Legas, a 1983, tare da makaɗan ƙasar nan. Ya fi Eastern Sounds wuyar shiga kunne, ganguna ne suka mamaye shi, don haka ku bar shi sai kun saba da busarsa tukuna. Ya rasu a watan Disamba na 2013 yana da shekara 93, Allah ya jiƙansa.