Gardamar Dodanni a Zangon Kumasi

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, musamman abokan karatu na Kano da Zariya da Katsina. Ya aiki, ya iyali, ya haƙuri da shirunmu? Mu nan Kumasi sai godiyar Allah, ruwa ake yi ba dare ba rana, har bangon ɗakina ya soma fitar da gansakuka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata gardama ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu ta shayi a Aboabo, yau kusan wata biyu. Kada ku yi dariya, a kan dodanni ake yin ta.

Ga yadda aka faro. Wata Asabar na fito daga kasuwar Kejetia ruwa ya tsare ni wajen Adum, na raɓe kusa da wani mai shimfiɗa littattafan gwanjo a bakin titi. Ya rufe hajarsa da leda, amma wani littafi guda ya leƙo ta gefe yana shan ruwa. Tausayin littafin ne ya sa na saye shi. A gida na shanya shi a kan firji, ya bushe ya kumbura kamar burodi, shafukan suna mannewa sai na bi da wuƙa. Da na soma karantawa ban ankara ba sai kiran assalatu na ji.

Littafin shi ne na farko cikin jerin guda tara da wata Ba'amurkiya mai suna Naomi Novik ta rubuta da Turanci, na farko ya fito a 2006, na ƙarshe a 2016, ana kiran jerin da sunan babban dodon ciki, Temeraire. Dabarar da ta yi ita ce ta ɗauko yaƙe-yaƙen Nafoliyon na Faransa da Ingila kamar yadda suke a tarihi, da shekarunsu da janar-janar ɗinsu, sai ta ce to a ƙaddara a wancan zamani akwai dodanni masu fuka-fuki, masu magana da hankali kamar mutane, kuma kowace ƙasa tana da rundunarsu ta sama. Wani kyaftin na jirgin ruwan Ingila, Lorens, ya kama jirgin Faransawa a 1805, ya tarar da ƙwan dodo a ciki. Ƙwan ya ƙyanƙyashe a tsakiyar teku, ɗan dodon baƙi wuluk ya ƙi kowa sai shi, dole ya bar aikin ruwa ya koma na sama. Daga baya aka gane ƙwan daga Sin ya fito, kuma irin na gidan sarauta ne.

Yawancin 'yan majalisarmu ba masu zama da littafin Turanci ba ne. Saboda haka bayan sallar isha'i, idan an ɗora buta, ni ke ba da labarin inda na kwana, da Hausa. Kafin a sauke shayi na uku na gama babi biyu. Sauran littattafan kuwa 'yar ƙanwar maigidan da muke zama a ƙofarsa ce ta samo mini, ɗaliba ce a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, ta riga ta cinye duka taran.

Tun a suna aka fara karo. Na ce dodo, wani tela ya ce a'a, Dodo na tatsuniya ba ya tashi sama, kuma ba a yin abota da shi, cinye mutum yake yi. Wani ya ce a ce maciji, tunda mu ma muna da namu na rijiyar Kusugu da Bayajidda ya sare wa kai a Daura. Malamin makarantar allon unguwa ya ce Larabawa tinnin suke cewa. Aka yi ta ja, har dai dodo ya zauna don ya fi daɗin faɗa. Sunan Temeraire kuwa ya gagari harshen kowa, suka raɗa masa Baƙin Lorens, shi ke nan.

Samari yaƙin suke so. Su dai a gaya musu yadda sojoji ke ɗaure kansu da igiyoyin fata a bayan dodo suna harbi, ana jefo bama-bamai a kan jiragen ruwa, da yadda Baƙin ke yin ruri guda katako ya tarwatse. Ni kuwa abin da ya kama ni daban ne. Dodon nan mayen karatu ne, kullum dare sai Lorens ya zauna kusa da shi ya karanta masa littafi, har na lissafi wanda shi mai karantawar ba ya ganewa. Da suka je Sin ya ga dodanni suna yawo cikin gari, suna da kuɗinsu, suna rubuta waƙa, sai ya dawo Ingila yana tambaya don me shi ba a biyansa albashi, don me yake kwana a fili kamar jaki. Telan nan ya ajiye kofinsa ya ce, "Wallahi ko ni ne sai na tambaya."

Ɗalibar tana tsayawa ne a bakin zaure in ta kawo wa kawunta abinci. Ita ce ta tsegunta musu, tun kafin in kai wurin, cewa akwai wani jinsin dodo mai tofa ruwan guba wanda ba ya yarda da namiji, sai mace ce za ta hau shi, har gwamnatin Ingila ta riƙa ɗaukar mata soja a ɓoye. Wani ya ce wannan kam son kai ne na marubuciya. Ta ce, "Kawu, a garin da Yaa Asantewaa ta ja maza zuwa yaƙi a 1900 kake faɗin haka?" Bai ƙara tofawa ba a daren.

Wanda ya juya gardamar gaba ɗaya shi ne Baba Alhaji, dattijon da ya tsufa a fataucin goro, kakansa ma da ayari ya zo Gwanja. Mako guda yana saurare bai ce uffan ba. Ran nan sai ya ce, "Yaro, me abin nan yake ci?" Na ce shanu, Baba, babba yakan lashe sa guda a zama ɗaya, wani lokaci fiye. Ya jinjina kai ya ce, "To wannan ba dabbar talaka ba ce. Mai garke shi ke da dodo. Da a ƙasarmu ne, na Fulani ne." Aka fashe da dariya, amma ni sai maganar ta tsaya mini a rai, don shekarun sun yi daidai. A 1804, shekarar da Nafoliyon ya naɗa kansa sarki, a nan ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, aka gwabza a Tabkin Kwatto. A 1808 Alkalawa ta faɗi. Duk lokacin da Lorens ke shawagi a sararin Turai, mu ma ƙasarmu tana juyin da ba ta taɓa yin irinsa ba, amma tafiyarsu ba ta biyo ta kanmu ba.

Ta dai biyo ta Gana. A littafi na biyu jirginsu ya yada zango a Kef Kos kan hanyar Sin, dodon ya ga ana cinikin bayi, ya shiga yi wa ubangidansa tambayoyin da ya rasa amsarsu. Da na zo nan majalisa ta yi tsit, don kusan kowa ya taɓa shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa na tsohon gidan bayin da ke can ya shaƙi warinsa. A tarihin gaske Nelson, babban kwamandan sojan ruwan Ingila, ya mutu a yaƙin Tarafalga a 1805, kuma majalisar Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807. A littafin kuwa ya rayu, ya kuma jingina da masu adawa da hanin. Sai littafi na huɗu: wata cuta mai kama da tarin fuka ta kwantar da dodannin Ingila, aka tafi neman magani kudancin Afirka, suka faɗa hannun wata daula ta Tsawana mai hedikwata a magangarar ruwan Mosi-oa-Tunya. Su a wurinsu dodanni kakanninsu ne da suka dawo, don haka duk wanda aka sace aka sayar, jikan wani dodo ne. Suka taso suka bi gaɓar teku suna rushe tashoshin cinikin bayi. Ranar da na ba da wannan, samari har da tafi, wani ya tashi tsaye ya zubar da shayi.

Baba Alhaji ya bari hayaniyar ta lafa, sannan ya ce, "Kun gama? To su wa suke kai kayan tashar?" Ya ce shi ya je Salaga, ya ga rijiyoyin da ake cewa a nan ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa, kuma Hausa ake yi a kasuwar. Ayarin da ke komawa Kano da goro ba hannu rabbana ya zo ba. Tonawa kuma, wato Ashantawa masu sarautar Kumasi, suna karɓar bayi a matsayin haraji daga Gwanja da Dagomba. Gaskiya ya faɗa, don har Sarkin Tonawa Osei Bonsu, a tattaunawarsa da jakadan Ingila Dupuis a 1820, ya nuna rashin jin daɗinsa da Turawa suka daina saye. "Da kakana ya sami dodo," in ji Baba, "ayari zai sa shi ya raka. Kada ku ɗora masa aikin da bai yi niyya ba."

Wani saurayi ya ce to ko ba komai da an ƙone Turawa a 1874 kafin su ƙone Kumasi. Baba ya ce, "Kai jeka gidan sojan nan na tsakiyar gari ka tambaya su wa suka riƙe wa Bature bindiga." Na je da kaina washegari. Sansanin da Ingilishi suka gina ne a ƙarshen ƙarni na 19, yanzu gidan tarihin soja ne, da jan bango da tsofaffin igwa a tsakar gida. A ciki ne aka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a 1900 bayan ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ta sarautar Tonawa, kuma sojojin da suka tsare masa ƙofa Hausawa ake ce musu. A 1874 ma hafsan Ingila Glover da rundunar Hausawa ya taho. Da yawa cikinsu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu suka sami mafaka a kaki. Na tsaya gaban tsofaffin hotuna ina kallon jajayen hulunan nan, ina tunanin a wane ɓangare zan ajiye dodona in ni ke rubutun. Har yau ban yanke ba.

Malamin allo shi damuwarsa daban. Ya ce batun kakanni su dawo a jikin dabba shirka ce tsagwaronta, kuma bai ga amfanin a cakuɗa tarihi da ƙarya ba, yara za su rikice. A na farko ba wanda ya ja da shi, an dai ce masa ana ba da labarin imanin wasu ne. A na biyun ne na ce, "Allah gafarta Malam, ai mun riga marubuciyar." Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, da yaƙin Turawa na gaske ya fara, da Kwantagora da Nagwamatse, sannan ya zarce ƙasar aljannu ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Wanda aka ci da bindiga mai ruwa a 1903 ya sami inda zai rama. Malam ya yi murmushi ya ce shi ma ya karanta shi yana yaro a ɓoye, cikin allonsa.

Ba na so ku ɗauka littattafan ba su da aibu. Na shida, inda aka kore su zuwa Ostireliya bayan Lorens ya kai wa Faransawa maganin cutar aka yanke masa hukuncin cin amanar ƙasa, tafiya ce a hamada ba iyaka, sai da na riƙa tsallake shafi. Ɗalibar ta gargaɗe ni cewa a na takwas jirgi zai yi haɗari da shi a Japan ya manta da dodonsa da duk shekarun da suka yi tare, ta ce sai ka ce fim ɗin Indiya. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kuma, ko da 'yan Afirka suka yi nasara, ta idon kyaftin ɗin Ingila muke ganinsu, yana ɗaure yana mamaki. Ba a shigar da mu ɗakin da suka yi shawara ba.

Wannan ɗakin nake so wani cikinku ya buɗe. Ku da ke rubuta littafin yaƙi da matsafa da aljannu, kuna da hannun, na sha karanta ku. Ga madugu da jagaba da uban dawaki, ga hanyar Kano zuwa Salaga ta wata da watanni, ga Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya ƙare a Kete-Krachi a 1934, wanda ya ga zuwan Nasara da idonsa ya waƙe shi. A sa dodo guda cikin wannan ayari, mai hankali da yawan tambaya irin na Baƙin Lorens, ya juya ya tambayi madugu su wane ne waɗancan da ke ɗaure a bayan jakuna.

A majalisa yanzu muna littafi na biyar, Nafoliyon ya tsallaka ya shiga Ingila, Baba Alhaji kuma ya koma goyon bayansa, wai shi dai ya ga an ɗana wa Ingilishi abin da suka ɗana wa Sarkin Tonawa Prempeh. Ya kuma matsa mini sai na karanta musu Ganɗoki daga farko, ni kuwa nawa yana Kano cikin akwati. Duk wanda ya san mai tahowa, ko direban motar goro mai dawowa, don Allah a ba shi kwafi guda ya kawo mini Aboabo, a naɗe shi cikin leda biyu saboda ruwa.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan'uwanku a Kumasi